Tsintacciyar Mage Ba Ta Mage, To Tsintaccen Itace Fa?

Na san irin kallon da kuke yi wa wannan shafi. Kun ga an haɗa itace da kifi a magana ɗaya, tuni hankalinku ya tafi wajen masu banda: itace a ƙasa yana ci da wuta, kifi a sama yana shan hayaƙi, yaji na jira a gefe. A wurinku iyakar zumuncin da ke tsakaninsu ke nan. Sai ga wani ya zo yana cewa a je bakin kogi a tsinto gungume, a goge shi, a dafa shi, a jiƙa shi, sannan a nitsar da shi a akwatin gilashi don kifi ya samu wurin fakewa. Kifin ma ba na miya ba, na kallo. Ina jiyo dariyar Alhaji daga nan, yana cewa ƙoshi ne ya yi wa mutane yawa. Ita kuwa Hajiya tambayarta ɗaya ce: a tukunyar wa za a dafa itacen? In dai tata ce, a sake shawara.

Ku dara son ranku. Amma ku ne fa masu tattabaru a saman soro, kuna watsa musu gero da hantsi, in ɗaya ta yi ɓatan kai ku hana unguwa sakat. Ku ne masu kanari a keji da ɗawisu a tsakar gida. A cikinku akwai mai dokin da ke cin dawa da harawa shekara guda cur saboda hawan sallah. Ba wanda ya taɓa cewa ƙoshi ne. Sai da aka zo kan kifi aka tuna da tsadar rayuwa.

Abin kuma ba jiya aka fara shi ba. Sinawa sun fi shekara dubu suna kiwon jan kifin nan na ado. A Landan aka buɗe wa jama'a gidan kallon kifi na farko a 1853, cikin gidan namun dajin birnin. Shi kuwa jera itace da tsirrai a tankin gilashi har ya zama fasaha, wani mutumin Japan ne ya kai shi ƙololuwa, Takashi Amano, wanda ya taɓa zama ɗan tseren keke, kuma gwanin ɗaukar hoto. A 2015, shekarar da ya rasu, aka buɗe wani tanki da ya tsara a birnin Lisbon na Fotugal, tsawonsa mita 40, yana cin ruwa lita 160,000, cike da gumagumai da ciyayi. Mutane suka riƙa biyan kuɗi su shiga su kalli abin da ku za ku faskara ku dafa tuwo da shi.

Masu dariya ba su dame ni ba, don ba su da kifin da za su kashe. Mutum biyu nake so mu zauna da su. Na farko mai tanki ne a falo, ya ce ai itace itace ne, ya tsinto a hanyarsa ta dawowa daga ƙauye, ya watsa masa ruwa ya jefa. Na biyu shi ne mai cewa tsintacciyar mage ba ta mage, shi sai wanda aka saya a shago, cikin leda, da farashi a jiki. Ranka ya daɗe, na shagon a masana'anta aka ƙera shi? Wanda ake kira mofani, mai nauyin nan mai launi biyu, daga dazuzzukan kudancin Afirka ake kwaso shi, wajejen Namibiya da Botswana da Zimbabuwe. Wani daga Malesiya yake zuwa, wani kuma, manzanita, daga Kalifoniya. Duk daga daji suka fito, jirgi kawai suka hau. Abin da ka biya shi ne ladan wanda ya san wace bishiya ce, ya busar da ita, ya wanke. In za ka iya wannan aikin da kanka, gungumen bakin madatsar Tiga bai gaza na Malesiya da komai ba.

To me kifi zai yi da itace? Ku tambayi Sarkawa ko Kabawan Argungu inda suke laluben kurungu da tarwaɗa: ƙarƙashin saiwoyi da kututturan da suka nitse. Kifi ba ya son fili fetal. In ka ajiye shi a gilashi, haske ta ko'ina, ba inuwa ba lungu, zai yi ta firgita, launinsa ya dushe, ya rage cin abinci, manya su takura wa ƙanana don ba wurin gudu. Akwai wani ɗan kifi mai jan ciki da ake kira kiribensis, wanda ake sayarwa a shagunan Turai da Amurka. Asalinsa rafukan kudancin Najeriya ne da Kamaru, kuma a kogo yake yin ƙwai. Akwai wasu kuma na Kudancin Amurka, dangin fanake, masu bakin tsotso, waɗanda itacen ma suke kankara su haɗiye. Irin wannan in ka hana shi itace ka shiga hakkinsa.

Abin da ake buƙata shi ne abin da kuka fi kowa iyawa, binciken asali. In yaro ya zo neman 'yarku, ba kwa duban kyan hularsa ku ce an ba shi. Sai an tambayi unguwarsu, an tambayi gidansu, an ji da su wa yake zama. Haka za ka yi wa gungume, kyansa shi ne abin dubawa na ƙarshe.

Unguwa tukuna. Itace yana shan duk abin da ya daɗe a cikinsa, kuma dahuwa ba ta fitar da komai da komai. Tafasasshen ruwa yana kashe abu mai rai, amma ba ya kashe guba. Don haka gungumen da ka gani a ƙasan rukunin masana'antu na Challawa a Kano, inda ruwan kamfanonin jima ke gangarowa da sinadarin kuromiyam, ka gaishe shi ka wuce, ko da siffar rawanin sarki gare shi. Na Jakara ba ma sai na faɗa ba, hancinka zai riga ni. Haka na gefen gonakin rani da ake yi wa feshin maganin ƙwari da na ciyawa, da na kusa da garejin kanikawa ko wurin wankin mota, da na rafin da ka ji labarin wasu marasa imani suna zuba Gamalin don kama kifi. Wanda kuma ɗan'uwa ya kawo maka tsaraba daga bakin teku a Legas, ya sha gishiri ya ƙoshi, wataƙila har da man jiragen ruwa. Kifin ruwan daɗi bai san wannan ba.

Wanda ya fi shi ne na saman kogi, nesa da gari, ko na bakin madatsar ruwa da rani idan ruwa ya ja baya. Da aka tare Kainji a 1968, da Tiga a 1974, bishiyoyi da yawa sun nitse a tsaye. Irin waɗannan sun shekara da shekaru a ruwa, ɓawo ya tafi, ruwan jikinsu ya tafi, saura zallan ƙashin itace mai furfura, santsi sumul. In ka samu saiwar irinsu a kan busasshiyar gaɓa, ka yi tsintuwa. Sai dai ka tsaya a kan gaɓar. Kada kwaɗayin wani reshe ya sa ka naɗe wando ka shiga kwantaccen ruwa, don a nan dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya yake zaune, ƙwayar cutar kuma ta fata take shiga. Ka je neman adon falo ka dawo da fitsarin jini, ka ba su Alhaji abin dariya na shekara. Kafin ka ɗaga gungume ka juya shi da sanda, kunama ma tana son inuwa. In kuma wurin gandun dajin gwamnati ne, ba a ɗaukar komai sai da izini.

Sai gidansu, wato wace bishiya ce. A nan ne ɗan ƙauye ya fi ɗan boko, domin kakanninmu sun san itatuwan da ke kashe kifi tun kafin a zo da gilashi. Magimfa fa? Ganyenta ake dakawa a zuba a ruwa, kifi ya taso sama yana magagi. Sinadarin da ke cikinta, dangin rotenon, yana hana jikin kifi amfana da iskar da ya shaƙa. Aduwa, wadda muke tsotson 'ya'yanta muna yara, ɓawonta da 'ya'yan suna da sinadari mai kumfa da ke kashe kifi da dodon koɗi. Tumfafiya da tinya da duk wani mai farin ƙaro mai kama da nono, a bar su inda suke. Dogon yaro da kuke turara ganyensa don sauro, kuke zubawa a rumbu don ƙwari, me ya sa kuke zaton zai yi wa kifi sassauci? Bishiyar turare da katakon fayin na akwatunan kaya suna da mai da ƙaro masu ƙamshi, ƙamshin nan kuwa shi ne alamar a guje su. Ƙa'idar ba ta da wuya: in ka kankare itace ka ji ƙamshi mai ƙarfi ko ɗaci, ko ka ga yana tsatso wani abu mai danƙo, ba na tanki ba ne. In ba ka gane bishiyar ba, kai wa mai sassaƙa turmi ko tsohon masunci ya duba maka. Kallo ɗaya zai yi wa jijiyar itacen ya faɗa maka sunansa, ya ƙara maka da tarihin kakansa.

Akwai kuma itacen da ya zauna da miyagun abokai. Duk wanda hannun ɗan Adam ya taɓa, ka yi zarginsa: katakon layin dogo da turken lantarki da aka jiƙa da baƙin sinadari don kada su ruɓe, ɓallin kwalekwale mai kwalta da fenti, katakon rufi da kafinta ya shafe da baƙin mai ko Solignum saboda gara. In ka ga gefe miƙaƙƙe irin yankan zarto, ko ramin ƙusa, ko tsatsa, ajiye shi.

Ya tsallake wannan? To kawo farcenka. Danna babban yatsa a jikinsa da ƙarfi. In farce ya shige, ko itacen ya marmashe, ruɓaɓɓe ne, a cikin tanki zai ƙarasa. Mai kyau yana da tauri, in ka ƙwanƙwasa shi ka ji ƙwas, ga nauyi fiye da yadda idonka ya ba ka. Ɗanyen reshe da aka saro jiya ba ya cikin lissafi, sai ya mutu ya bushe sarai. Ka sansana ramukansa. In warin ruɓaɓɓen ƙwai ya buge ka, mayar da shi inda ka samo.

Yanzu mun iso wajen da Hajiya ke jira. A ɓare duk sauran ɓawo, a kankare wurare masu laushi da wuƙa, a goge tsinin da zai yaga wa kifi fiffike da sanfefa. A samu sabon buroshi mai tauri a dirje shi da ruwa zalla. Zalla na ce. Ba Omo, ba sabulu, ba Dettol, ba Izal. Na san hannunku na ƙaiƙayi, don a wurinku abin da bai yi kumfa ba bai wanku ba. Itace zai shanye sabulun ya riƙa sakinsa a hankali, kifi kuwa ta matsefinsa yake numfashi, ɗan kaɗan ya ishe shi.

Sannan a dafa, awa ɗaya zuwa biyu a tafasasshen ruwa, in bai nitse duka ba a juya ɗaya gefen. Wannan ne ke kashe ƙwan dodon koɗi da matsattsaku da tsutsotsin da suka maƙale a ramuka, yana kuma korar iskar da ke cikin itacen don ya yi saurin nitsewa. Tukunyar biki ta isa, kuma Hajiya, wallahi ba abin da zai same ta, itacen da ya ci jarrabawar da muka lissafa ya fi kan saniya tsabta. Abin da ba a so shi ne rabin duron da ya taɓa ɗaukar gas ko maganin feshi. In gungumen ya fi ƙarfin kowace tukunya, a shanya shi a rana ya gasu sosai, a riƙa kwarara masa tafasasshen ruwa ta kowane lungu, a tsawaita jiƙo. Ruwan dahuwar zai fito jawur. Abokan wasana Zage-zagi, na ga kun miƙo kofi. A'a, ba maganin basir ba ne, a zubar.

Jiƙo shi ne inda ake gane mai haƙuri. A samu babban baho ko robar da ba ta taɓa ganin sabulu ba, a nitsar da itacen, a danne da dutse, a riƙa sauya ruwan duk kwana ɗaya ko biyu. Mako biyu zuwa huɗu, wani ma ya fi. Kullum ka leƙa ka duba fuskar ruwan ta gefen haske. In ka ga maiƙo yana walƙiya da launuka, an gama magana, itacen ya faɗi. In launi kawai yake saki, kuma kullum yana raguwa, ana kan hanya.

Launin nan shi ne abin da ya fi tayar wa sababbin shiga hankali. Mutum ya sa itace da daddare, ya tashi da safe ya tarar ruwansa ya koma launin shayi, sai salati. Kwantar da hankalinka. Sinadarin tanin ne, wanda ke cikin bagaruwa, wanda majemanmu suka daɗe suna jeme fata da shi. Ɗan wanda itace ke saki ba ya cutar da kifi, wasu ma a cikinsa aka haife su. A Brazil akwai kogin Rio Negro, ruwansa baƙi saboda ganyaye da itatuwan da ke jiƙe a ciki. Kusa da birnin Manaus yake haɗuwa da Solimoes mai ruwan laka, su yi tafiyar kimanin kilomita 6 gefe da gefe ba su gauraya ba. Daga wannan baƙin ruwa ake kamo ƙananan kifayen kadinal masu ja da shuɗi, waɗanda ake rububinsu a duniya. A Tailan kuwa masu kiwon kifin faɗa da gangan suke jefa busasshen ganyen wata bishiya don ruwan ya yi wannan launi. Kai da ba ka so, sauya rubu'in ruwan duk mako, ko ka sa gawayin tace ruwa da ake sayarwa don wannan aiki a cikin matatar tankin. Na ce wanda ake sayarwa, ban ce a ɗebo na murhun mai shayi ba.

Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma a nan tsamin na gaske ne. Tanin yana sauko da ma'aunin da ake kira pH, wanda 7 ne tsakiyarsa: ƙasa da haka tsami, sama da haka ɓangaren kanwa. Kowane mataki ɗaya ninki goma ne, don haka daga 7 zuwa 6 ba ƙaramar tafiya ba ce a wurin kifi. In ruwanka na burtsatse ne mai barin farin dasashi a cikin buta, itace ba zai iya motsa shi sosai ba. In na sama ne da ka tara, ba shi da abin da zai tare tsamin, yana iya faɗuwa da sauri. Kifayen Amazon da na rafukan kurmi suna murna da wannan. Masu launin nan na tafkin Malawi da Tanganyika kuwa ruwansu yana wajen 8 ne ko sama, babban gungume mai zubar da tanin bai dace da su ba. Takardar gwajin ruwa ba ta da tsada, a saya a riƙa dubawa.

Bayan 'yan kwanaki a tanki za ka ga wani farin abu mai yauƙi ya lulluɓe itacen. Nan ma za a yi salati, a ce ga shi nan, dama mun faɗa. Ba komai ba ne, ƙananan halittu ne ke cin ragowar zaƙin da ke jikin itacen. In abincin ya ƙare su ma sai su ƙare, yawanci cikin 'yan makonni. In ya dame ka, goge da buroshi ka zuƙe da tiyo.

In kuma itacen ya ƙi nitsewa, ya dage sai ya yi iyo, kada ka yi fushi ka buga masa ƙusa. Baƙin ƙarfe zai yi tsatsa, wayar tagulla kuwa guba ce ga jatan lande da sauran ƙananan halittun tanki. Ɗaure shi da zaren fatsa a jikin dutse mai faɗi, ka binne dutsen a yashi. Dutsen ma a gwada shi: ɗiga masa ruwan khal, in ya yi kumfa na farar ƙasa ne, zai sauya maka ruwa. Ka ɗaure da kyau, don gungumen da ya kuɓuce cikin dare yana iya tasowa ya bugi murfi ko fitila.

Ga abin da littattafan Turawa ba za su damu su gaya maka ba, don su wutarsu ba ta ɗaukewa. Duk abin da ke ruɓewa a ruwa yana cin iskar da kifi ke shaƙa. Ruwan ɗumi kuma dama bai riƙe iska da yawa: lita ɗaya a ma'aunin zafi 20 tana ɗaukar kusan miligiram 9, a 30 kuwa wajen 7 da rabi. To haɗa lissafin da kanka. Watan Afrilu ne, falo ya ɗau zafi, an ɗauke wuta tun la'asar, injin hura iska ya yi shiru, ga kuma rabin ruɓaɓɓen gungume yana rabon iska da kifinka har asuba. Da safe ka tarar da su a sama, baki buɗe, ka ce maita ce ko bakin maƙwabta. Wannan ya sa gwajin farcen nan ya fi muhimmanci a wurinmu fiye da wurin mutumin Landan. Kada kuma itace ya cinye fiye da abin da tankin zai iya ɗauka. Madaidaici guda mai tauri ya fi tarin rassa. In da hali a tanadi ɗan injin iska mai batir.

Ranar da za ka sa shi, sa shi da safe, ranar da kake gida. Ka zauna ka kalli kifinka. In suka shiga zagaya shi, wani ya leƙa rami, wani ya fara tsattsagar jikinsa, an karɓi baƙo. In ka ga suna haki a sama, ko suna goga jiki da dutse, ko sun tsuke fiffike sun maƙale a kusurwa, cire itacen nan take, ka sauya rabin ruwan da wanda ya kwana a buɗe ko aka cire masa sinadarin kulorin na famfo. Kada ka tsaya jiran gobe don ka sha wahalar dafa shi.

Wanda kuma ya san ba zai iya jiran wata guda ba, kuma na san kuna da yawa, ya bar gungumen a bakin kogi. Ya je kasuwa ya sayi sabuwar ƙaramar tukunyar ƙasa wadda ba a shafa mata fenti ba, ya wanke da ruwa zalla, ya kwantar da ita a gefe cikin tankin. Kifi zai shiga.